Kurakuran da mai zuwa Tailan koyon tausa shi kaɗai ya fi yi, da yadda ake gyara su

Ranar da na cika kwana uku a ajin tausa a Chiang Mai, wani birni a arewacin Tailan, sai da na roƙi mai masaukina ya buɗe mini robar ruwa. Manyan yatsuna biyu sun kumbura, ko maɓallin riga ba na iya sawa sai da dabara. Ni da na taso ina yi wa Baba tausa kusan kullum bayan isha'i, na je da tunanin rabin aikin yana hannuna. Ashe wannan rabin ne malamar za ta fara kwance mini.

Tausar da mutanen Tailan ke kira nuad thai ba ta da mai, ba a kuma tuɓe kaya. Mutum yana kwance a katifa marar kauri a ƙasa, cikin riga da wando masu yalwa, mai tausa yana durƙushe a gefensa yana dannawa, yana ja, yana lanƙwasa gaɓoɓi. Suna bin wasu layuka da suke kira sen, waɗanda a ilimin gargajiyarsu nan ne iska ke bi a cikin jiki. Sun ce layukan sun kai 72,000, amma goma ne manya, kuma daga wajen cibiya suke tasowa. Zanensu yana nan a jikin alluna 60 a haikalin Wat Pho da ke Bankok, 30 na gaban jiki, 30 na baya, tun gyaran da Sarki Rama na Uku ya fara yi wa wurin a 1832. A Disambar 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan tausa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sana'a ce mai asali, kuma akasarin kurakuran baƙi daga raina wannan asalin suke fitowa.

Babbansu shi ne wanda ya kumbura mini yatsu, wato aiki da ƙarfin hannu. Mu a gida matsawa muka sani, ka kama dantse ko sha-raɓa ka murza har sai an ce maka ya isa. A can ba a matsawa, jingina ake yi. Za ka miƙe hannunka sambal, gwiwar hannu ba ta lanƙwashe ba, kafaɗarka tana saitin tafin hannunka, sannan ka karkato da jikinka gaba daga ƙugu, nauyinka ya sauka a kan mutum a hankali. Ka ɗan dakata kamar numfashi ɗaya ko biyu, ka janye a hankali kamar yadda ka shiga. Malamarmu wata dattijuwa ce da ba ta wuce kafaɗata ba. Da ta ga ina cije leɓe ina dannawa, sai ta zaunar da ni, ta ɗora babban yatsanta a gefen allon kafaɗata, ta karkato kaɗan tana hira da wata ɗaliba. Sai da hawaye ya taru mini. Ko jijiyar hannunta ba ta tashi ba.

Gyaran yana da sauƙin faɗi. Duk lokacin da ka ji damtsenka ya gaji, to zamanka ne ya karkace, matso kusa ko ka ɗaga ƙugu. Kada ka danna da tsinin yatsa, yi da tudunsa, sauran yatsu huɗu suna dafe suna tallafa masa. Inda nama yake da kauri, kamar cinya da mazauni, bar wa tafin hannu aikin, yatsa na kan layi ne kawai. Ka yanke farce tun kafin ranar farko. Kuma in yatsa ya fara zogi a gindinsa, ka faɗa wa malami a ranar, don akwai waɗanda suka bar sana'ar gaba ɗaya saboda wannan gaɓa guda.

Akwai kuma gwiwa. Awa shida a durƙushe ba wasa ba ne. Wanda ya saba da zaman tahiya ya fi sauran ɗalibai sa'a, na ga Turawa suna rarrafe zuwa bango tun kafin azahar, amma kada wannan ya ruɗe ka. Makonni kafin tafiya ka riƙa tsawaita zama a kan dugadugai, kana tsugunno, kana miƙe cinya.

Kuskure na biyu tun a gida ake yin sa: mutum ya biya kuɗin makaranta ta intanet alhali ba a taɓa yi masa tausar ba. Yaya za ka ba wani abin da jikinka bai san ɗanɗanonsa ba? In ka sauka, ware kwana biyu ko uku ka je a yi maka a wurare daban-daban. Nan za ka gane cewa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta fada, wadda aka tsara don sarakuna: hannu da yatsu kawai, ba gwiwa, ba ƙafa, mai tausa yana ba da 'yar tazara don ladabi. Akwai ta talakawa, mai aiki da gwiwar hannu da gwiwa da tafin ƙafa, ita ce ta fi yawa a shaguna. Ta arewa, wajen Chiang Mai, ta fi tafiya a hankali da yawan miƙe gaɓoɓi, ta Bankok ta fi tsayawa a kan danna wurare. Sai ka ji wadda ta kwanta maka sannan ka nemi inda ake koyar da ita. Ka leƙa ajin da idonka, ka ƙirga ɗalibai, ka ƙirga malamai. In malami ɗaya ne a kan mutum ashirin, hannunsa ba zai taɓa kaiwa kan naka ba, kuma wannan sana'a hannu a kan hannu ake koyonta.

Daga nan sai kwaɗayin takarda. Makarantar Wat Pho, wadda aka buɗe a 1955, tana da kwas na farko na awa 30 cikin kwana biyar, makarantu da yawa ma haka suke yi. Kwana biyar sun isa ka san jerin aikin daga tafin ƙafa zuwa kai, a rigingine, a gefe, rub da ciki, sannan a zaune. Ba su isa hannunka ya fara ji ba. Amma da yake mutum ya kashe kuɗin jirgi mai yawa, sai ya ga asara ce ya koma da takarda ɗaya. Wannan mako matakin farko, na gaba mataki na biyu, sai tausar ƙafa, sai ta ƙunshin ganye mai zafi da ake turarawa, mai ɗauke da kurkur da ganyen tsamiya da kafur da wani dangin citta, sai tok sen ta guduma da turun katako. Na zauna da wani ɗan ƙasar Jamus mai takardu biyar a jaka, da aka haɗa mu gwaji ya tsaya a gwiwata yana duba littafi. Ni a ganina, in sati uku gare ka, yi matakin farko, ka maimaita shi, sati na uku ka nemi a bar ka kana gwaji malami yana kallo. Ba ya burgewa in ana ba da labari, amma shi ne ke komawa gida tare da kai.

A nan ne zuwa kai kaɗai yake cizo. Waɗanda suka zo su biyu suna komawa masauki su maimaita darasin ranar a jikin juna. Kai kuwa ɗaki za ka koma, kai da waya. Abin da mutane ke yi shi ne su ɗauki bidiyon malami su ce za su kalla da dare, kuma ba a koyon wannan abu da ido. Na gwada a kan matashin kai, matashi ba ya cewa ka kauce daga layi. Abin da ya fisshe ni shi ne tun rana ta biyu na nemi wani ɗalibi ɗan Koriya, shi ma shi kaɗai ya zo, muka yi alkawarin awa ɗaya bayan an tashi. Ba ma jin yaren juna sosai, amma "nan" da "ba nan ba" sun ishe mu. Ka kama masauki inda za ka iya takawa zuwa makaranta. Littafin da za su ba ka kuma, cika gefensa da zanen 'yan sanduna da Hausarka: ƙafata ta hagu a ina, hannunsa a ina, ina fuskantar ina. Wata shida bayan ka dawo, wannan rubutun kaɗai zai tuna maka yadda ake tashi daga wannan zama zuwa wancan.

Kada kunya ta sa ka yi shiru idan kai ne a kwance. Rabin lokacin aji jikinka ne allon wani sabon shiga, wanda bai san iyakar gaɓa ba. Mu kuma an raine mu da cewa namiji ba ya raki. Na yi wannan jarumtar ranar da aka koya mana miƙewar da mutum ke kwanciya rub da ciki, a kama hannayensa a ɗago ƙirjinsa baya. Abokin gwajina ya fizga maimakon ya ja, na ji ƙuguna ya amsa, na yi shiru. Kwana biyu ina sallah a zaune. Kalmomi uku za su tsare ka: jep, wato da zafi, bao bao, wato a sassauta, sai sabai, wato daidai, da daɗi. In kai ke yi, kalli fuska da yatsun ƙafa. Wanda ya riƙe numfashi ko ya dunƙule yatsu ya riga ya ce maka jep, ko bakinsa bai buɗe ba.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne raina darasin waɗanda ba a yi wa tausa. Yawanci a gurguje ake wuce shi, ɗalibai suna ɗokin a kai ga lanƙwashe-lanƙwashen da ke kyau a hoto. Mai zazzaɓi, mai sabon rauni ko sabuwar tiyata, mai ƙashi marar ƙwari saboda tsufa, mai matsalar faifan ƙashin baya, duk ba a yi musu yadda aka saba. Mai ciki sai wanda ya koyi nata daban. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, tana zafi tana zogi, ba a taɓa ta sam, domin in gudan jini ne a jijiya, dannawa na iya tura shi zuwa huhu. Asibiti za a kai shi. Akwai kuma abin da suke kira buɗe ƙofar iska, inda ake danne babbar jijiyar jini a matse-matsi na ɗan lokaci sannan a saki, mutum ya ji ɗumi ya gangara ƙafarsa. Ɗalibai suna son sa don yana ba mutane mamaki. Ba a yi wa mai hawan jini ko ciwon zuciya ko mai kumburarrun jijiyoyin ƙafa. Wuya kuma, bar murɗa shi, ko ka ga ana yi a shago.

Abu biyu ne Musulmi ya kamata ya tambaya tun kafin ya biya kuɗi, ba ranar farko a gaban jama'a ba. Na ɗaya, al'adar girmama malami da suke kira "wai khru". Makarantu da yawa suna buɗe aji da safe da karatun girmamawa ga Jivaka, wanda suke kira Shivago, likitan da ya yi zamani da Buddha, shi suke ɗauka uban sana'ar. Ana durƙusawa a gaban mutum-mutuminsa, a haɗa tafuka, a rusuna. Na ga wanda ya shiga sahu don kunya ya yi ta damuwa daga baya, na ga kuma wanda ya tashi ya fice fuu kamar an zage shi. Duka biyun ba su da amfani. Na rubuta musu tun ina gida cewa addinina bai ba ni damar yi ba, suka ce ba komai, na riƙa zama a baya shiru har a gama. Tailan tana da Musulmi miliyoyi, ba baƙon zance ba ne a wurinsu. Na biyu, haɗa maza da mata a gwaji. A aji ana juya abokan aiki ne ba tare da an duba wannan ba, kuma mata sun fi yawa. Ke 'yar'uwa, da wuya ki rasa abokiyar gwaji. Kai ne za ka iya tarar da kai kaɗai ne namiji, don haka tambayi ko akwai wani namiji a zangon da za ka shiga.

Nasu ladabin ma a kiyaye. Ba a tsallake mutum yana kwance, zagayawa ake yi. Ba a miƙe ƙafa tana nuna malami ko mutum-mutumin Buddha. Kai wuri ne mai daraja a wurinsu, sai an nemi izini ake taɓa shi. Takalmi a waje.

Sauran na hanya ne. Kada ka sa tafiyarka Chiang Mai tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, lokacin ƙone gonaki da daji ne, hayaƙi yana rufe garin har dutsen Doi Suthep ya ɓace, ga zafi. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu kuma bikin Songkran ne, ana watsa ruwa a titi, makarantu da yawa suna hutu. Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, da katin rigakafin shawara, da takardar wankewa daga hukumar NDLEA, kuma ba a haɗa su cikin mako guda. Abinci, naman alade yana shiga inda ba ka zata ba, har cikin romo, don haka nemi tambarin halal ko ka nufi unguwar masallacin Ban Ho kusa da kasuwar dare, inda jikokin Musulmin da suka zo daga Yunnan ta ƙasar Sin suke sayar da khao soi, wato taliya a cikin romo, na kaza da na shanu. Hayar babur tana da arha, amma a hagu suke tuƙi, kuma targaɗe ɗaya a tsintsiyar hannu ya gama da kwas ɗin da ka ƙetare teku dominsa. Jajayen motocin a-kori-kura da ke yawo a gari sun ishe ka. Kada kuma ka yi lissafin za ka tsaya ka yi aiki ka mai da kuɗinka, tausar tana cikin sana'o'in da doka ta keɓe wa 'yan ƙasa.

In ka dawo, mutane za su fara kawo maka abin da ba naka ba. Wannan ya faɗo daga babur, wancan ƙafarsa ta shanye, wata bayanta ya riƙe shekara uku. Takardar kwana biyar ko ta wata guda ba ta mai da kai maɗori ko likita ba, kuma faɗin haka da baki yana da nauyi idan mai tambayar kawunka ne. Ni dai na ce musu mai gajiya nake yi wa, shi ma kyauta, har sai na cika mutum hamsin ina rubuta abin da kowa ya ce.

Baba ne na farko a littafin. Na tambaye shi ko ya sha maganin hawan jininsa, na tsallake ƙofar iska da duk wata lanƙwasa, na tsaya a tafin ƙafa da sha-raɓa ina jingina a hankali. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Kai, abin da ka je koyowa ke nan? Da can ka fi ƙarfi."

Na ce, "Baba, a ƙara ne?"

Ya ce a'a, in dai ci gaba a haka, amma in koma ƙafar hagu, ita ce ke damunsa.