Kurakuran da ake yi wajen ba da labarin Selbit, ɗan dabon da ya fara tsaga mace da zarto

Kusan kowa ya taɓa ganin wasan nan a talabijin: a kwantar da mace cikin akwati, a sa zarto a raba akwatin gida biyu, daga baya ta fito lafiya lau. Amma in an zo ba da tarihinsa sai a cakuɗa shi, kuma haƙƙin mutum guda ake dannewa, wato Percy Thomas Tibbles, wanda ya yi suna da P. T. Selbit.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jingina wasan ga wani ɗan dabo mai suna Horace Goldin ko a ce daga Amurka ya fito. Selbit, haifaffen Landan a 1881, shi ya fara nuna shi ga jama'a ranar 17 ga Janairun 1921 a gidan wasa na Finsbury Park Empire, irin gidajen nan da talakawan Ingila ke cika da dare a wancan zamani don kallon mawaƙa da 'yan barkwanci da 'yan dabo. Goldin ya fito da nasa a Amurka cikin shekarar, bayan wasu watanni. Selbit ya kai shi kotu bai yi nasara ba, domin an ga tsarin biyun sun bambanta. Saboda haka in za ka rubuta, ka ce Selbit ne ya fara, Goldin ya sauya masa fasali.

Wannan bambancin ne ma ke jawo wani ruɗanin. Hoton da muka saba da shi, kai a waje ƙafafu a waje, na Goldin ne. A na Selbit ba a ganin matar ko kaɗan. Ana ɗaure ta da igiya a wuya da hannuwa da ƙafafu, a zuro igiyoyin ta ramukan jikin akwatin katako, a miƙa wa mutanen da aka kira daga cikin 'yan kallo su riƙe, sannan a rufe a fara yanka. A ganina wannan ya fi tayar da hankali, don mai kallo ya san ba ta da hanyar motsi, ga kuma ƙarar zarto na cin katako.

Sai masu cewa tsafi ne ko aljanu. Ba haka ba ne. Selbit yaron maƙerin azurfa ne tun yana saurayi, kuma a ƙarƙashin shagon akwai wani ɗan dabo, Charles Morritt, wanda a wajensa ya tsinci sana'ar. Aikin na awo ne da kafinta da horo, kuma rabin gwanintar na matar da ke cikin akwatin ne, wadda masu ba da labari kan manta da ita. Ka kira shi rufa-ido ko siddabaru, kada ka kira shi boka. Hatta jinin da aka riƙa kwararawa a kwata bakin gidan wasan a lokacin na ƙarya ne, talla ce kawai don jawo 'yan kallo.

Kada kuma a taƙaita rayuwarsa ga zarto. Ya yi shekaru yana wasa da shigar Misirawa da sunan Joad Heteb, ya shirya mujallar 'yan dabo mai suna The Wizard, kuma a 1914 ya yi wasan ratsa bango. Ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 57.