Kurakuran da ke kashe karatun Littafi Mai Tsarki tun kafin Ista

Duk Janairu sai ka ji 'yan'uwa a majami'un Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, suna alkawari cewa bana sai sun karance Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Kafin Ista yawancinsu sun ajiye. Abubuwan da ke kayar da su kuwa ba sa canzawa, na bara su ne na bana.

Na farko, barin karatu sai dare. Mutum ya wuni a kasuwa ko bisa babur, a watan Maris ko Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, ya ci tuwo ya ƙoshi, sannan ya buɗe littafi kwance a tabarma. Aya biyar barci ya sace shi. In an ɗauke wuta kuwa, magana ta ƙare. Ni asuba nake ba kowa shawara. Kiran sallar maƙwabta agogo ne na kyauta. Minti ashirin ya isa: biyu na addu'a, goma na karatu da murya, biyar na rubuta abin da ka gane, uku na addu'a a kan abin da ka karanta. Uwa mai shirya yara ta bari sai sun tafi makaranta. Manomi a damina ko lokacin dashen masakwa ya mayar da shi hutun tsakar rana. A sauya lokacin, kada a soke shi.

Na biyu, fara daga Farawa da niyyar tsere. Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya yana da sura 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabo 260 (na 'yan Katolika ya fi haka, littattafansa 73 ne maimakon 66). Sura uku kullum, biyar ranar Lahadi, za ka gama a shekara. Lissafin daidai ne, amma duba inda yake kai sabon shiga. Farawa sura 50, Fitowa 40. Cikin wata guda ke nan ya ratsa awon alfarwa ya faɗa Littafin Firistoci, hadayu da dokokin kuturta, ba mai yi masa bayani. Ya tsallake kwana huɗu, bashin sura goma sha biyu ya hau kansa, kunya ta hana shi komawa. Sabon shiga ya fara da Markus, sura 16 kacal, ɗaya a rana. Sai Luka da Ayyukan Manzanni a jere, tunda marubucinsu ɗaya ne. Ranar da ya kai Firistoci 16, ya buɗe Ibraniyawa 9 a gefe, zai ga inda hadayun suka dosa. Bashi kuma babu shi. Ka tsallake jiya, ci gaba yau daga inda ka tsaya.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙona mini rai: tsintar aya. A rufe ido, a buɗe littafi, a dangwala yatsa, wai Ubangiji ya yi magana. Ko a jira ayar da aka turo a WhatsApp da hoton fure, a rubuta Amin, an yi karatun yau ke nan. Haba ɗan'uwa! Wasiƙar mahaifinka in ta zo, layi ɗaya kake tsinta daga tsakiya? Ana rera Irmiya 29:11 kamar alkawarin samun aiki a wannan watan, alhali aya ta 10 ta ce waɗanda aka rubuta wa za su yi shekara saba'in a Babila tukuna. Ana liƙa Filibiyawa 4:13 a jikin babur, an manta Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma a aya ta 11 da 12 maganar ƙoshi da yunwa yake yi, yadda ya koyi gamsuwa a kowane hali. Mafi muni, mutum ya ɗauko maganar Elifaz, abokin Ayuba, daga littafin Ayuba ya yi wa mara lafiya wa'azi da ita, bai san a 42:7 Allah da kansa ya ce Elifaz da abokansa ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Lambobin nan ma ba da su aka rubuta littafin ba. An raba surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa musu lamba a 1551. Don sauƙin nema aka yi su. Duk ayar da ta burge ka, karanta goma kafinta da goma bayanta, ka amsa tambaya uku a rubuce: wa ke magana, da wa yake, me ya faru kafin nan. In ba ka iya amsawa ba, kada ka tura wa kowa.

Sauran ƙanana ne. Karatu a waya ba laifi, amma kashe data tukuna. Littafin ibada na kullum ƙari ne, kada ya maye gurbin nassin. Wanda bai iya karatu ba kada a bar shi a baya, yaro ɗan makaranta ya karanta wa gida duka bayan abincin yamma, sura guda, kowa yana zaune.

Sai batun harshe. Wasu na fama da fassarar Faransanci ta Louis Segond ta 1910 don kada a ce ba su yi boko ba, suna fita ba su gane rabi ba. Karanta da harshen da kake addu'a da shi, Hausa ko Fulatanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, fassarorin da suka biyo baya sun fi shi sauƙi. Ka sa na Faransancin a gefe don kwatantawa in aya ta yi tauri. Kuma kada ka ajiye littafin a ƙasa ko jikin bangon laka da damina, gara ba ta san mai tsarki ba. Sa shi a leda, bisa kanta, da fensir a ciki.