Yadda za ka sa shafin intanet ya yi aiki ba tare da linzamin kwamfuta ba

Kafin ka taɓa komai, zare linzamin kwamfutarka ka ajiye gefe, ka bi shafin da madannin Tab daga sama har ƙasa. Haka mai lalurar gani da ke amfani da manhajar karanta allo irin NVDA ko JAWS yake bin sa, haka ma wanda hannunsa ke rawa ba ya iya saita linzami. Tab na kai ka gaba, Shift haɗe da Tab na dawo da kai baya. Enter na buɗe mahaɗi, maɓalli kuwa da Enter da Space duk suna danna shi. Duk abin da Tab ya tsallake, ka rubuta shi. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, waɗanda siga ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023, sun wajabta a iya sarrafa shafi da madannai kawai a sashe na 2.1.1.

Yawancin matsalar daga wuri ɗaya take fitowa: an ɗauki div, wato akwatin HTML da ba shi da aikin kansa, an yi masa kwalliya kamar maɓalli, an liƙa masa onclick, wato umarnin da ke aiki in an danna shi. A ido maɓalli ne, amma burauza ba ta san da zamansa ba, don haka Tab ya wuce shi. Maganin shi ne a mayar da shi button, alamar HTML ta maɓalli. Idan kuma aikinsa kai mutum wani shafi ne, a yi amfani da alamar mahaɗi ta a mai ɗauke da href, wato adireshin shafin, domin in babu href shi ma tsallake shi ake yi. In dole ta sa sai div, to ka ɗaukar wa kanka aiki uku: tabindex="0", role="button", da umarnin JavaScript da zai saurari Enter da Space. Kada ka manta da preventDefault a kan Space, in ba haka ba mutum na dannawa shafi ya zarce ƙasa. Wahala ce kawai a kan abin da button ke yi kyauta.

Shi tabindex, wanda ke tsara inda Tab zai tsaya, 0 da -1 sun wadatar. Na -1 yana ba JavaScript damar kai mutum wurin ba tare da ya shiga layin Tab ba. Lamba 1 zuwa sama hargitsa jeri take yi, a guje ta.

Sai zoben da ke kewaye abin da aka tsaya a kai. Masu zane kan ga ya ɓata musu ado, su goge shi da outline: none, mai danna Tab kuma ya koma lalube. In bai yi maka kyau ba, sake masa fasali da :focus-visible: kauri fiksel 2, launin da bambancinsa da bango ya kai 3 bisa 1.

Tagar da ke ɓullowa a tsakiyar allo ita ce inda aka fi tafka kuskure. Da ta buɗe, zoben ya koma cikinta, kada Tab ya riƙa yawo a shafin da ke baya. Esc ya rufe ta. In ta rufe, zoben ya koma kan maɓallin da ya buɗe ta, don kada mutum ya sake farowa daga saman shafi. Alamar dialog tare da showModal() na yin kusan duk wannan da kanta, amma ka gwada a Chrome da Firefox da Safari. A Safari sai ka kunna zaɓin Tab a saituna, ko ka haɗa da Option, kafin ya tsaya a kan mahaɗai.