Yadda ake sassaƙa mujiyar katako irin ta Natungram

A ƙauyen Natungram da ke Bengal ta Yamma a Indiya, masassaƙan Sutradhar, al'ummar da ta gaji sana'ar sassaƙa, sun shahara da mujiyar katako mai launi, wadda mabiya Hindu ke dangantawa da Lakshmi, abar bautarsu ta arziki.

1. Samo icen malaina ko na mangwaro wanda ya bushe sarai. Ɗanyen ice yakan tsage bayan fenti, aikin ya lalace.

2. Yanka guntu da zarto, kamar santimita 15. Daidaita gindin ya zauna daram.

3. Fere shi da gizago: kai faffaɗa, jiki ya tsuke zuwa ƙasa. Fitar da kunnuwa biyu da ɗan tudun baki da wuƙa, kana bin jijiyar icen don kada ya ɓantare. Gashi da fukafukai aikin fenti ne, kada ka sassaƙa su.

4. Goge da sanfefa.

5. Nan ne aikin yake. Daka ƙwallon tsamiya, ka dafa garin da ruwa har ya yi yauƙi, ka tace, ka dama farar ƙasa a ciki. Shafa siriri sau biyu, kana barin na farko ya bushe. Idan ya yi kauri zai ɓare, idan danƙon ya yi kaɗan zai riƙa fita a hannu kamar alli.

6. Sa rawaya, sai ja da kore. Baƙi ne na ƙarshe: da siririn burushi ka zagaye manyan idanu, ka ja layukan gashi. Kowane launi ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba za su cakuɗe.