Yadda Malami Zai Koyar da Tarihin Henry Ford Ba Tare da Ɓoye Rabi Ba

An tsara wannan darasi don 'yan babbar sakandare ko kwalejin fasaha a Sakkwato, minti 80. A tanadi takarda 60, almakashi shida, gam da agogo.

Malam, ka fara da aikin hannu kafin ka ambaci sunan Ford, Ba'amurken da ya kafa kamfanin ƙera motoci na Ford. Ɗauki ɗalibai goma ka raba su biyu. Biyar na farko kowa ya haɗa ambulan shi kaɗai. Sauran su jeru, kowa da aiki guda: yanka, ninki, shafa gam, liƙawa, rubuta adireshi. Minti takwas ya isa. Idan mai gam ya yi nawa, takardu za su taru a gabansa. Kada ka taimaka masa, bari aji ya ga yadda mutum ɗaya ke tsayar da layi. Sannan ka tambayi 'yan layin ko za su iya wannan motsi ɗaya daga safe zuwa la'asar.

Yanzu sai allo. Motar kamfaninsa mai suna Model T ta fito a 1908 kan dala 850, ta sauko zuwa dala 260 a 1925, an ƙera fiye da miliyan 15. Layin haɗa mota mai tafiya da aka kafa a masana'antarsa ta Highland Park a 1913 ya rage aikin awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. A Janairun 1914 Ford ya mai da ladan yini dala 5. Kada ka juya kuɗin zuwa naira da canjin yau, zai rikita yara. Ka ce kusan ninki biyu ne na tsohon ladan, kuma ka faɗi dalili: ma'aikata suna ta gudu saboda gajiyar layin. Ga sharaɗi kuma, kamfanin ya riƙa tura jami'ai har gida su duba tsafta, shan giya da yadda mutum ke kashe kuɗinsa.

Sashe na biyu shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ya fi buƙatar lokaci, aƙalla minti 25. A Maris 1932 an harbe mutum huɗu cikin masu zanga-zangar rashin aiki da suka nufi masana'antar Ford a garin Dearborn. A Mayu 1937 'yan tsaron kamfanin, ƙarƙashin Harry Bennett, suka lakaɗa wa shugabannin ƙungiyar ƙwadago duka a kan gadar masana'antar River Rouge. Sai 1941 Ford ya amince da ƙungiyar. Jaridarsa, Dearborn Independent, tun daga 1920 ta yi ta buga ƙarairayi kan Yahudawa, ta dogara da takardun jabu. Ya nemi gafara a 1927 bayan an kai shi kotu, amma a 1938 ya karɓi lambar yabo daga gwamnatin Hitler.

A nan aji kan karkata zuwa batun Falasɗinu. Ka saurari ɗalibi, sannan ka dawo da shi kan shekaru: an yi waɗannan rubuce-rubuce kafin kafa Isra'ila a 1948, kuma ƙazafi ne ga al'umma sukutum.

A minti 15 na ƙarshe kowa ya rubuta layi goma kan ko ya dace a sa wa makarantar koyon kanikanci sunan Ford. Ka ba da maki ga wanda ya ambaci abubuwa biyu da shekarunsu daga kowane sashe na darasin, ko wace amsa ya zaɓa.