Yadda za ka riƙe ƙasar gangaren gidanka da ciyawa

Ni magini ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma gyaran da aka fi kirana a kai bayan damina iri ɗaya ne: ruwa ya kwashe ƙasar gindin gida har tushen gini ya fito fili, matakala ta yi sama, sai an ajiye bulo kafin tsohuwa ta iya takawa. Mai gida zai ce a malala siminti. Siminti na da wurinsa, amma a kan gangare ruwa yakan bi ta ƙarƙashinsa ya rarake, ko ya ƙara gudu ya afka wa maƙwabcin da ke ƙasa. Jar ƙasar nan tamu ciyawa ce ta fi riƙe ta.

Fara da kwanon rufinka. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka sheƙa ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ke nan ke zubowa a gindin bango. Ga Kumasi da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba. Babu shukar da za ta jure wannan duka a wuri ɗaya. Sa indararo, ka kai ruwan tanki ko kwata, inda yake faɗowa kuma ka jibge duwatsu.

Sai ka daina kankare fili. Na san dalilin mutanenmu: tsoron maciji da sauro, ga kunyar a ce gidan Alhaji ya yi daji. To amma bayan an ɗauke ruwa je ka dubi bangonka. Jan taɓon da ya fantsama har tsayin gwiwa ƙasarka ce, ɗigon ruwa ya ɓalle ta. In akwai ciyawa, ganye ne ke shan dukan, kara ya rage wa ruwan gudu har laka ta kwanta, saiwa kuma ta ɗaure ƙasar ta buɗe mata hanyar tsotse ruwa. Sare ciyawar da adda ta yi gajere. Kada ka tuge, kada ka yi feshi, don wani maganin ciyawa har saiwar yake kashewa.

In gangaren ya yi tsaye, nemi ciyawar jema. Saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye, tana kai mita 2 zuwa 3, ba ta yaɗuwa gefe ta cinye maka fili. Layi za ka dasa ta, a gicciye, layin da ba ya hawa ba ya sauka. Ari tiyon ruwa da mu magina muke daidaita gini da shi, ka kafa turaku inda ruwan ya yi daidai. Tsaga tushen jemar uku-uku, ka datse ganyen ya rage kamar santimita 20, ka dasa da tazarar faɗin tafin hannu. Nan ne mutane ke yin rowa, su bar giɓi, ruwa kuwa giɓin yake nema, a nan zai haƙa maka sabon rami. Duk inda gangaren ya sauka mita 1, ja wani layi. Tsakanin layukan sa ciyawar kiri-kiri, ka rufe da busasshiyar ciyawa kafin ya kama. In jema ta yi wuyar samu, ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami tana taimakawa, sai dai saiwarta ba ta yi zurfin ta jema ba.

Ka dasa da ruwan farko na Afrilu domin ta kafu kafin Yuni. Jema ba ta son inuwa. Ka kuma katange wurin, in ba haka ba ragon layya zai gama da tohon kafin ya yi ƙarfi.

Bishiya fa? Tun da aka fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa a 2021 kowa ya karɓo tsiro, kuma abin kirki ne. Sai dai ni ban yarda bishiya ta riga ciyawa ba. Tana ɗaukar shekaru, kuma in ƙarƙashinta sharar fili ne, ɗigon da ke faɗowa daga ganyenta ma zaizaya yake yi. Kada ka dasa babbar bishiya a bakin inda aka yanke tudu. Iska na kaɗa ta, za ta ɓamɓaro gefen gaba ɗaya. Gora ta fi dacewa da bakin rafi. Ayaba saiwarta a sama take, rogo kuwa ranar tugewa za ka buɗe ƙasar da hannunka.

In ka ga ƙasa ta tsage a saman gangare, ko turken lantarki ya fara karkata, ko ruwa na tsatsowa daga jikin tudun bayan ruwan sama ya tsaya, wannan ya wuce zaizaya, zaftarewa ce ke tafe. Kwashe yara daga ɗakin da ke wannan gefen, ka nemo injiniya. Katangar da za a gina ta tare tudun kuma a bar mata ramukan fitar ruwa a gindi.