Kurakuran Masu Koyon Hawan Doki a Sakkwato

Da azumi ya raba tsakiya, sai samari su fara sintiri a barga, kowa na son a koya masa hawa kafin Sallah. Cikin mako biyu wai yana so ya iya sukuwa har da zamiya, don a gan shi ranar hawa a ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Babbar ɓarna ita ce linzami. Linzaminmu na gargajiya ƙarfe ne mai tsini a ciki da zobe da ke kama haɓar doki, taɓawa kaɗan ta isa. Amma sabon mahayi da zarar ya ji zai zame, sai ya rataye nauyinsa duka a kansa. Wani ɗan yayana ya ari dokina kili da yamma, bai fi wata guda da fara hawa ba. Ya dawo mini da shi kumfar bakinsa ja da jini, harshe a tsage. Dokin da a da yatsa biyu ke juya shi ya koma mai fizgar kai, bai yarda a kusanto shi da ƙarfe ba, hawan Sallar shekarar ma a ƙasa na kalla. Shi kuwa yaron cewa ya yi dokin ne mai taurin kai. Taurin kai a ina? Hannunka ne bai da tarbiyya! Tun daga nan, duk wanda ya zo wurina da ragama yake farawa, ni ina riƙe da igiya, yana zagaya turke a tafiyar ƙafa har sai ya iya zama da cinyoyinsa, hannu a sake. Wasu na cewa ina ɓata wa yara lokaci. Su je can.

Na biyu, tsallake mataki. Tafiya tukuna, sannan sassarfa, sai kilisa a fili mai yashi, sukuwa ce ƙarshe. Wani tsohon ɗan barga da na tashi a hannunsa, in ya ga yaro na zungurin doki, sai ya ce, "Kai ɗana, mi kaka sauri? Dokin ba gudu zai yi ya bar garin ba." Masu ganin doki wasa ne su tuna Gwamnan Sakkwato Shehu Kangiwa, wanda ya saba da sirdi, amma faɗuwa daga doki a wasan folo a Kaduna ta yi ajalinsa a 1981. To ina ga wanda jiya ya fara sa ƙafa a likkafa? Hular kwano ba abin kunya ba ce lokacin koyo, rawani ya jira ranar hawa.

Ƙaimi kuma ban ba mai koyo, ko ya yi kuka. Dorina ma haka.

Majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki: doki na kumbura ciki idan ana ɗaura sirdi, don haka a ja shi 'yan taku a sake tamkewa. Kada a hau da silifa, kada a cusa ƙafa duka cikin likkafa. Kada a bi ta bayan doki shiru, harbi ba ya sallama. A zafin bazarar nan tamu, ni da sassafe ko bayan la'asar nake fita da mai koyo, in mun dawo kuma shi zai sauke sirdi da hannunsa, ya zagaya da dokin har gumi ya bushe, sannan ya ba shi ruwa da harawa.